Yadda Wiki Ta Koyi Kunya

Matasan da ke zuwa shagona koyon aiki kusan duk magana ɗaya suke yi a makon farko. Sai su ce, Baba Lawali, ai wannan sana'a ta zo ƙarshe, yanzu na'ura za ka gaya wa abin da kake so, kafin shayinka ya huce ta rubuta maka. Ba na yi musu gardama. Na ga tana rubutawa, wani lokaci ma rubutunta ya fi nawa tsabta. Abin da nake yi shi ne in ce su ajiye waya su zauna, in ba su labarin aikin da na yi wa wata tsohuwa daga ƙasar Zurmi. In sun gama ji, sai su gaya mini abin da za su ce wa na'urar.

Wiki manhaja ce ta shafuka. Kowa na iya buɗewa ya rubuta, wani ya zo ya gyara, ita kuma tana ajiye kowane gyara, ba ta manta ko ɗaya. Ba mu muka ƙera ta ba. Mutanen wasu ƙasashe ne, kuma sun ɗinka ta daidai jikin rayuwarsu. Mu aikinmu shi ne ƙari. Masu ƙirar sun bar wasu wurare a jikin manhajar waɗanda muke kira ƙugiya: wata tana motsawa lokacin da za a ajiye shafi, wata lokacin da za a nuna shi, wata lokacin bincike. Kai mai ƙari sai ka rubuta ɗan guntun umarni ka rataya a ƙugiyar da ta dace. Uwar manhajar ba a taɓa ta. In ka taɓa, ranar da masu ita suka sabunta ta, aikinka ya bi ruwa. Zaman ɗan haya muke yi a cikinta. Za ka kafa ƙusa ka rataya labule, amma bangon ba naka ba ne.

Ni ban fara da kwamfuta ba. Na daɗe a gidan rediyo ina fassara labarai ina karantawa, har furfura ta fito. Da na dawo gida Ƙaura Namoda, sai na tarar wasu malaman makaranta da manoma sun kafa wiki don garuruwanmu, daga nan zuwa Zurmi da Shinkafi: rijiyoyi, irin gero da dawa, hanyoyin shanu, wa ya sari wane daji ya zauna. Mai kula da ita Malam Nura ne, malamin kimiyya, wanda a shekaru na haife shi. Ɗakin aikinsa yana kusa da tsohuwar tashar jirgi, inda dogo ya ƙare. Daga taga kana ganin ƙarafan nan biyu sun miƙe sun shige cikin ciyawa, kamar jimlar da mai karatu ya fara bai ƙarasa ba.

Da na nemi ya koya mini aikin, wata guda Malam Nura bai bar ni na rubuta komai ba. Ya ce, "Baba, tunda karatu ne sana'arka, karanta mini." Sai in zauna ina karanta umarnin da wasu suka rubuta, layi bayan layi, da murya, ina faɗin abin da kowane layi zai yi da Hausa. In na yi tuntuɓe sai ya ce, "A nan ne ba ka gane ba, koma baya." A rediyo an koya mana kada ka karanta jimlar da ba ka fahimta ba, domin mai sauraro zai ji a muryarka. Ashe kwamfuta ma tana ji.

Kayan aikina har yau ba su da yawa. Akwai tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya mutu tun tuni, da faifan sola a kan rufi, da batirin babbar mota a ƙarƙashin tebur. Akwai rikodar da na taho da ita daga rediyo. Sai wasu ƙananan akwatuna biyu, kowanne bai fi kwalin sabulu ba. Ɗaya shi ne rumbu, a cikinsa wikin take zaune. Ɗayan kuma gonar gwaji, kwafin wikin ne da nake lalatawa yadda na ga dama kafin in taɓa na gaskiyar. Wanda ba shi da gonar gwaji ba mai sana'a ba ne, mai caca ne.

Ƙarin da na fara rubutawa na lokaci ne. Wani manomi a Shinkafi yana gaya mini lokacin da gerensa ke fitar da kai, ni kuma akwatin da ke kan allo yana neman rana da wata da shekara. Mutumin ya ce, "Kasuwa kaza bayan ruwan shuka." Na sake tambaya, ya sake faɗin haka, yana kallona kamar mai ciwon kunne. Lissafinsa daidai ne, Alhamis ɗin kasuwar Shinkafi ita ce agogonsa, ruwan farko kuma shi ne farkon shekararsa. Na dawo na rataya ƙari a ƙugiyar ajiye shafi, wanda ke karɓar lokaci yadda manomi ya faɗa, ya bar shi haka, sannan a gefe ya nuna wa ɗan boko kimanin watan da ake nufi. Wannan aikin ya koya mini abin da nake bi har yanzu: ba mutum ake gyarawa don ya shiga akwati ba.

Na biyu na murya ne. Yawancin masu ilmin da muke nema ba sa karanta boko, don haka na yi ƙarin da ke haɗa kowane shafi da sautinsa, mutum ya taɓa ya ji. Da rikodata na riƙa bin kasuwanni. Wata rana a kasuwar Zurmi na samu wani dattijo dogo daga Tungar Aduwa, wani ɗan ƙauye ta wajen Gurbin Bore, ya baje irin gero mai gashi a kan buhu. Ya ce tsuntsu ba ya son sauka a kansa, gashin na tsokane masa ido. Da na miƙa masa rikoda sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya mai tsawo, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, ya yi bayanin irin. Da ya gama ya dubi na'urar ya ce, "Wanga abu, in na mutu shina ci gaba da magana?"

Na ce, "Yana ci gaba, Baba."

Ya ce, "To bari in ba shi ladabi." Ya matso da bakinsa ya ce, "Ina gaida duk mai ji."

Na ajiye sautin a shafin irin gero, na ci gaba da wasu ayyukan.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ta, wasunku kuna makaranta a lokacin. Hanyoyi suka lalace, mutane suka baro ƙauyuka, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layin waya gaba ɗaya. Malam Nura ya koma Gusau da iyalinsa, ya bar mini makullin ɗaki. Wikin da a da ake buɗewa daga ko'ina ta takure ta dawo cikin kwalin sabulun nan, ba ta wuce bangon ɗakin da inuwar bishiyar maina da ke ƙofa. Ƙarina na lokaci ya ci gaba da ƙirga Alhamis, kasuwa bayan kasuwa, alhali babu kowa a rumfunan. Nakan zauna da hantsi ina kallon ƙaramar fitilar rumbu tana ƙiftawa, in ga kamar garuruwan duk sun tattaro sun shige ciki, da rijiyoyinsu da kukokinsu, suna jira a buɗe musu ƙofa.

Sannu a hankali mutanen da suka yi hijira suka gano ɗakin. Mutum zai zo ya zauna a tabarma ya ce a kunna masa garinsu. Ya ji muryar maƙwabcinsa tana kwatanta hanyar rafi. Wasu su yi dariya, wasu su gyara kuskure, wasu su tashi ba sallama.

A cikinsu ne Inna Hajo ta zo, tare da jikarta Hadiza, malamar firamare. Inna Hajo matar dattijon nan ce mai gero, wanda ya rasu a nan Ƙaura damina guda bayan sun baro gida. Tungar Aduwa ba ta da shafi a lokacin, kuma babu wanda ya rage a cikinta. Inna ta zauna ta fara zana garin da baki. Ta fara daga aduwar da ke bakin hanya, ta bi gida gida, ta faɗi wa ke zaune a ina, wace ƙofa ke kallon gabas, inda ake sussuka, inda akuyoyi ke kwana. Safiya bayan safiya tana zuwa, ni ina ɗauka, Hadiza tana rubutawa. In tana magana idonta a rufe yake, hannunta na nuni a iska, sai ka ji kamar in ka juya za ka ga hayaƙin gidajen. Babu wani mai rai da ya riƙe garin nan a kai kamar yadda ta riƙe shi.

Rabin labarin na mijinta ne, domin shi ya jagoranci haƙa rijiya, shi ya adana irin. Amma ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Maigidana," take cewa, ko "shi wancan." Haka matan zamaninsu suke, tun ranar da aka kai ta ɗakinsa har ranar da aka fitar da shi.

Ita kuwa wiki da suna take aiki. Suna shi ne igiyar da ke ɗaure shafi da shafi. In ka rubuta "maigidana," ba ta san wanne ba a cikin magidantan duniya. Hadiza ta ga cewa dangin da suka watse, wasu Shinkafi, wasu har Nijar, in layi ya dawo da sunan kakanta za su yi bincike, kuma ba za su samu komai ba. Sai ta bi rubutun ta cire "maigidana" duk inda yake ta sa sunan. A ƙa'idar wiki ta yi daidai. Ko Malam Nura ne haka zai yi.

Ranar da shafin ya kammala, Hadiza ta ce bari ta karanta wa kakarta rubutun. Ta fara, "In ji Hajo ta Tungar Aduwa," ta ci gaba har ta iso rijiya, ta karanta sunan. Inna Hajo ta buɗe ido.

"Mi kika ce?"

"Sunan Kaka ne, Inna. Don a gane shi."

"A sama kin ce in ji wa?"

"In ji ke."

"To ni yaushe na hwaɗi?" Ta juyo gare ni. "Kai ɗan rediyo, kana nan zaune. Ka ji na hwaɗi?"

Na ce ban ji ba.

"Tun ina yarinya har na zubar da haƙora ban kira sunan nan ba, ko ranar da anka ɗauke shi. Yau ɗiyar da na goya ta cusa mini shi a baki, ta shanya ni duniya ta gani."

Hadiza ta ce, "Haba tsohuwa, wa zai kula? Yanzu mata har a waya suke ajiye sunan miji da hoton zuciya."

"Su ajiye da hoton hanta ma. Ni a share. Ba sunan kaɗai ba, duka. Garin da bakina ya gina, bakina ya rushe shi."

A wikinmu akwai alkawari: duk wanda ya ba da labari yana da ikon janye shi, kuma in ya janye ana shafewa har da tarihin gyare-gyaren. Ni na rubuta ƙarin da ke yin wannan sharar, kuma na rubuta shi da kyau, ba ya barin ko ɓurɓushi. Na ce wa Inna za a mayar da "maigidana." Ta ce gobe wata mai kaifin hannu za ta zo ta sake gyarawa, ba haka kuka ce abin naku yake ba, kowa na gyarawa? Gaskiyarta. Hadiza kuma ta ce in babu sunan, shafin kamar kabari ne ba alama. Ita ma gaskiyarta.

Na roƙi Inna ta ba ni lokaci. Ta ce da zarar an kai gero gida za ta koma Shinkafi wurin ɗiyarta, kafin nan ta ji an share. Tana ɗaura mayafi na tambaye ta, "Inna, in kin je asibiti aka ce sunan miji, yaya kike yi?"

Ta dube ni kamar na tambayi yadda ake shan ruwa. "Sai in dubi wadda ke kusa da ni, ta ara mini baki."

A nan aikin ya fito. Sunan ƙarin ma daga bakinta na ɗauka: Aron Baki.

Tsarinsa a faɗe mai sauƙi ne. Maganar mai magana tana nan yadda ta faɗe ta, a kulle, ba mai iya canza kalmar. A bayan "maigidana" sai a rataya sunan, da shaidar wanda ya ara baki, don kowa ya san ba ita ta furta ba. Mai bincike zai samu, igiyar shafuka za ta ɗauru. Wanda kuma ke jin kunyar sunan, in shi ya shiga, ƙofar ba za ta buɗe masa ba ko da hannunsa ya taɓa bisa kuskure.

Yin sa ne ya ci mini ragowar damina. Babu layi, babu wanda zan tambaya, sai bayanan manhajar da ke cikin rumbu, ina karanta su da murya kamar yadda aka koya mini. Na rataya kashi na farko a ƙugiyar nuna shafi, na gwada a gonar gwaji. Na shiga da sunan Hadiza, sunan ya fito. Na fita na shiga da na Inna, sai ga shi ya fito mata ita ma. Dalili kuwa wiki tana da ƙiwa irin ta mai tuwon sayarwa: in ta tuƙa shafi sau ɗaya, sai ta ajiye ta riƙa ɗiban wa duk wanda ya zo. Dole na koya mata ta ajiye tukunya biyu. Na gama wannan, sai na ga sunan yana leƙowa ta sakamakon bincike. Na toshe nan, ya fito ta tarihin shafi, inda gyaran Hadiza ke kwance. Na toshe nan, ya fito ta jerin sababbin canje-canje. Manhajar nan duk jikinta an gina shi ne don ta faɗa, ni kuma ina bin ta ƙofa ƙofa ina koya mata ta yi shiru a gaban mutum ɗaya. Wani lokaci in ɗaga kai in ga gizagizai sun taru a kan dogo, in rasa ko Laraba ce ko Asabar. A waje gero ya yi kai, ya yi ido, aka fara yanka.

Saura abu guda, wato sauti. Masu sauraro ma suna bukatar jin sunan, kuma sai an samu bakin da zai faɗa. Na yi niyyar sa muryata. Sai na tuna kasuwar Zurmi.

Inna Hajo ta zo da hantsi, ranar da amalanken shanu ke ta wucewa da dammunan gero. Ta ƙi zama a tabarma, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta.

"An share?"

Na ce, "Ki ji tukuna. In bai yi miki ba, a gabanki zan share."

Na kunna. Muryarta ta cika ɗakin, ta fara daga aduwa, ta bi gida gida. Can ta zauna ba tare da ta lura ta zauna ba. Da aka iso rijiya muryar ta ce "maigidana," ta wuce. Hadiza ta nuna mata allon, ta karanta mata rubutun, shi ma "maigidana." Na ba Hadiza dama ta gwada canza kalmar, wiki ta ƙi.

Inna ta nuna wani ɗan ɗigo kusa da kalmar. "Wanga fa?"

"Nan sunan yake. Dangi za su taɓa su ji. Ke ba zai buɗe miki ba."

"Bakin wa ka aro? Naka?"

"Nasa."

Na gaya mata labarin kasuwar Zurmi da buhun gero mai gashi. Amalanke ya wuce, wani ya biyo. Hadiza ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta fasa.

Can Inna ta ce, "Kullen nan, kai ka yi shi?"

"Ni na yi."

"To buɗe shi sau guda. Ku juya mini baya, ku duka."

Muka juya muna kallon taga. Na miƙa hannu ta baya na taɓa. Aka ji hayaniyar kasuwa, da kukan jaki daga nesa, sannan gyaran muryar nan mai tsawo. Ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na garinsu. Ban yanke sautin a nan ba, na bar shi ya yi bayanin tsuntsaye har ƙarshe, inda ya matso da baki ya ce, "Ina gaida duk mai ji."

Daga bayanmu, ƙasa ƙasa, ta cikin mayafi, Inna Hajo ta ce, "Muna amsawa."

Da muka juyo ta riga ta ɗauki ƙullinta. Ta ce wa Hadiza, "Kin ji shi ko? Gyaran murya sai ka ce shi za ya ja Idi, alhali gero yake saidawa." Sannan ta ce mini, "Mai da kullenka, ɗan rediyo. Garin kuma a bar shi."

Layi ya dawo daga baya, kasuwanni suka buɗe, Malam Nura ya zo ya karanta umarnin da na rubuta, ya gyara mini wurare biyu. Aron Baki yanzu yana kan shafuka da yawa, domin ashe ba ita kaɗai ba ce, akwai iyaye mata da ba sa kiran ɗan fari, akwai surukai. Duk lokacin da aka sabunta uwar manhaja sai na koma na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar babu wadda ta buɗe.

A nan nake tsayawa in tambayi matasan me za su ce wa na'urar. Yawanci sukan ce, to Baba, mene ne sunan dattijon? Sai in ce su je shafin Tungar Aduwa su taɓa ɗigon, zai gaya musu da kansa. A wannan rubutun ma ban sa shi ba, domin Hadiza ta ce in ta je Shinkafi za ta karanta wa Inna.